Ƙafar da Aka Miƙar

Injiniya ya danna baƙin tsinken mitar awon wuta a jikin ƙarfen akwatin kwamfuta, ya kai jan tsinken kan ƙafa ta takwas ta wani ɗan baƙin abu da ke ciki, ya sunkuya har gemunsa yana sharar allon cikin kwamfutar. Allurar mita ta taso da ƙyar kamar mai ciwon baya, ta tsaya a kan uku.

"Uku," ya ce. "Biyar ya kamata. Akwai ɓarawo a gidan nan, yana shan wuta."

"Ɓarawo kuma?" in ji Tela daga bakin ƙofa, tef rataye a wuya. "To ka kama shi da wuri, kada ka manta abin da ka fito nema."

Babban ɗan Injiniya, wanda ya zauna a kan kujerar kwastomomi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi dariya ta hanci bai ɗago daga wayarsa ba.

Kwamfutar ta Tela ce. Tsohuwa ce tukuf, farinta ya koma ruwan haƙorin mai shan taba, amma ita kaɗai ke jin yaren injin surfaninsa. In ta kwanta, injin ya kwanta. Ta kuwa kwanta, ana kunna ta sai ta yi ta kuka, fuskarta baƙi ƙirin. Duk garin babu mai taɓa irinta sai Injiniya. Yaran yanzu in ka kai musu, sai su leƙa ciki su tambaye ka ko ta gado ce.

Sai dai shi ma Injiniyan an fara ƙus-ƙus a kansa. An ce ya taɓa zuba sukari a kwalbar dalma. An ce ya gaishe da mai wanki sau uku a tsayuwa ɗaya, kowace gaisuwa da tambayar iyali. Wanda ba "an ce" ba ne shi ne na ƙarfen dalma: ya tafi gida ya bar shi a kunne, labule ya kama, matarsa ce ta dawo ɗaukar kwanon abinci ta tarar da hayaƙi, ta kashe wutar da hannunta. Tabon yana nan a bayan hannun, kuma ba ta gaisawa da kowa sai ta juya shi sama. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta fara gajiya. Kafin su sauko daga bas labarin ya riga su isowa layin shaguna, kuma kowa ya san bakin da ya kawo shi.

Shi ne babban ɗan ya ce Baba ya huta, a ba shi shagon ya zuba wayoyi. Injiniya ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Aka yi ta ja, har kwamfutar Tela ta mutu a daidai lokacin da ake bukatarta, aka yanke magana a gaban shaida: in ta tashi kafin a rufe shaguna yau, makulli na Injiniya ne, ba mai sake tayar da zancen. In ba ta tashi ba, zai miƙa da hannunsa. Ga makullin can an rataye a ƙusa, sama da kalanda, kowa na satar kallonsa.

Ƙwaƙwalwar irin wannan kwamfuta ba guda ɗaya ba ce. Wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ne a jere, sahu-sahu, kowanne da ƙafafu goma sha shida a soke cikin gurbinsa. Injiniya kyankyasai yake ce musu. In ɗaya ya lalace, duk gidan ya rikice.

Ya kunna wuta, ya lasa ɗan yatsa, ya bi bayansu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba zazzaɓin jikoki. Wannan lafiya. Wannan lafiya. A sahu na biyu, na kusa da bango, ya janye hannu da sauri.

"Kai ne, ɗan banza."

Ya kashe wuta. Ya sa bakin sukudireba ya ɗaga kyankyason a hankali, nan kaɗan, can kaɗan, har ya fito. Ya murɗa mita zuwa wurin da take kuka in hanya ta haɗe, ya taɓa ƙafa ta takwas da ta goma sha shida. Mita ta tsala ƙara, tsiii.

"Kun ji?" ya ce. "Ƙafar wuta da ƙafar ƙasa sun haɗe a cikinsa. Abin da ya shiga ta nan, ta nan yake zurarewa."

"Kamar maganar da ake gaya maka ke nan," in ji Tela.

Injiniya bai kula shi ba. Ya kama ƙafa ta ɗaya da filaya ya lanƙwasa ta sama, ya jefa kyankyason cikin gwangwanin madara da ke gefen tebur. Haka yake yi tun yana da baƙin gashi: duk wanda ya mutu sai ya karya masa ƙafa, don kada wata rana ya koma gurbi bisa kuskure. Ya jawo aljihun tebur, ya tono wani daga cikin tsofaffin da yake ɓoyo a cikin soso, ya gwada shi da mita, shiru. Ya duba 'yar tsagar da ke kansa ta kalli inda sauran suke kallo, ya danna shi da babban yatsa. Ya kai hannu zai kunna.

"Salamu alaikum. A'a, Baban yara, ko ruwa ba ka sha ba?"

Matarsa ce, da kwanuka a ɗaure cikin tsumma, tana haki kamar ta hau dutse. Ita ce tun safe take cewa ita fa tana bayan mijinta, yaron nan ba shi da kunya, uban da ya haife ka za ka sa wa jarrabawa? Har da 'yar ƙwallarta.

"Bari in kunna tukuna," in ji Injiniya.

"Ka kunna da yunwa hannu na rawa? Wallahi ba ka isa ba. Tashi ka wanke hannu, duk dalma ce. Kai kuma," ta juya kan ɗanta, "kana zaune kamar buhu, je ka sayo wa ubanka ruwa mai sanyi. Tela, ba ka da ɗinki ne? Mutum zai ci abinci kun tsare shi da ido."

Ta kore su kaf. Injiniya ya zagaya bayan shaguna wurin famfo, yana wanke hannu yana murmushi. Duniya duk ta juya masa baya, amma tsohuwar nan tana nan. Ya dawo ya tarar ta share masa gefen tebur, ta buɗe kwano, ƙamshin soyayyar albasa ya cika shagon. Ya ci, har da suɗe yatsa. Ta zauna tana yi masa fifita da murfin kwali.

Da ya gama, ya ce a kira kowa. Ba a bukatar kira. Tela ya zo da yaran shagonsa, mai wanki ya zo da kumfa a hannu, mai sayar da takalma ya bar kwastoma da ƙafa ɗaya a takalmi. Babban ɗan ya ɗaga waya.

"Ina ɗauka ne saboda ƙannena," ya ce. "Kada gobe a ce na yi wa Baba ƙarya."

"Ɗauka da kyau," in ji Injiniya. Ya gyara hula, ya danna maɓalli.

Fanka ta juya. Fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa. Sai kukan nan dai, irin na safe, babu abin da ya ragu.

Wani daga baya ya fara, sauran suka ɗauka. Mai wanki har da dafa bango.

"Injiniya, ko dai a mafarki ka gyara?"

"Ku bar shi mana, mai ƙwaƙwalwa biyu ne, duk biyun suna hutu."

"Haba, ku ji tsoron Allah," in ji matar, ta rufe baki da gefen mayafi. Kafaɗunta dai suna motsi. Kuka ne ko wani abu, mayafin ne ya sani.

Injiniya ya ɗora tsinkayen. Allura ta taso, ta tsaya a uku. Ya lasa yatsa ya bi sahu. Na kusa da bango, sahu na biyu, ya ƙone shi.

 Ya leƙa gwangwani. Kyankyaso ɗaya ne a ciki, kwance a bayansa, ƙafafu goma sha shida a miƙe cas, babu wadda aka lanƙwasa. Ya ɗauko shi ya gwada. Shiru. Lafiyayye ne.

Wato mai kyau ya jefar, ya mai da mataccen? Ko ma bai taɓa cire shi ba? Ya tuna ƙarar mita. Ya tuna filaya a hannunsa. Amma ai ranar labule ma ya tuna ya kashe ƙarfen dalma, ya tuna sarai, har da yadda maɓallin ya yi ƙas. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. 

"Baba," in ji ɗan, da murya mai laushi irin ta masu zuwa dubiya, wayar dai tana sama, "ba abin kunya ba ne. Ka ce ka gaji kawai."

"Da sauran rana," in ji Injiniya.

"Da saura, da saura," in ji Tela. "Ku ba shi wuri. Injiniya, in ka ga dama ka gwada mitar a kanka, jan a kunnen dama, baƙin a na hagu. Mu ji ko za ta yi kuka."

Aka sake fashewa. Suka watse suna maimaita maganar, kowa na ƙara mata gishiri, kafin ta kai ƙarshen layi ta zama wai Injiniya ya gwada da kansa kuma mita ta yi kuka.

Shagon ya rage daga shi sai matar, tana ɗaure kwanuka, sai ɗan a bakin ƙofa yana tura wa ƙannensa abin da ya ɗauka.

 Injiniya ya kashe wuta, ya ɗaga mai zafin daga gurbinsa, don ba shi da wani abin yi. Ya jawo gilashin ƙara girma ya kunna fitilar tebur, ya juya kyankyason.

Ƙafa ta ɗaya a miƙe take, amma ba miƙewar haihuwa ba. A gwiwarta akwai ɗan fari, inda ƙarfe ya lanƙwashe aka dawo da shi, da 'yan shaidar haƙora ƙanana guda biyu, irin na hantsakin cire gira. Filayarsa ba ta da irin wannan baki. A bayan kyankyason kuma wani abu yana ƙyalli. Ya kai hanci, ya ji man soyayya da albasa.

Ashe bai manta ba. Daɗin da ya ji ya kusa sa shi kuka, ya riga baƙin cikin isowa. Sai da daɗin ya lafa sannan ya fara lissafi. Ɗansa bai san gaban kyankyaso da bayansa ba, da shi ne da ya soke shi a juye. Tela ko fis ɗin wuta bai iya canzawa ba. Wanda ya yi wannan ya san sahu, ya san gurbi, ya san tsaga tana kallon ina, ya san ma'anar lanƙwasasshiyar ƙafa. Mutum ɗaya ya taɓa koya wa haka. Lokacin suna sabon aure, shagon bai wuce tebur ɗaya ba, takan zauna a gefensa da ciki tana miƙo masa su, yana cewa, duba tsagar, kullum ki duba tsagar. Tana dariya tana cewa sai ka ce wata makaranta.

Ya ɗago. Tana ƙulla bakin tsumma, bayan hannunta mai tabo yana sama.

"Ka ga wani abu ne, Baban yara?"

"Ƙura ce," ya ce.

Ya sa mataccen a aljihun gaban riga, ya maɓalle. Ya ɗauko na gwangwani ya sake gwadawa, ya danna shi a gurbi. Wannan karon bai tashi daga gaban tebur ba. Fitsari ya matse shi, ya ƙi motsi. Ta ce ga ruwa, ya ce ya ƙoshi. Ya bi ƙafar wuta ta kowane kyankyaso da jan tsinke, sahu bayan sahu, allura tana tsayawa a biyar cif kamar soja. Ya bi hanyoyin da suka haɗa su, mita tana kuka inda ya kamata, tana shiru inda ya kamata. Ya goge wani gurbi da ya yi tsatsa. Rana ta sauko ta shigo ta ƙofa ta kwanta a kan tebur, aka fara jin ƙarar ƙofofin ƙarfe daga ƙarshen layi.

"Kira su," ya ce wa ɗan.

Suka dawo, sun ma fi na ɗazu yawa, don an ji akwai kallo. Ya danna maɓalli.

Ƙit, ƙara ɗaya gajera. Fuskar ta yi haske, lambobi suka fara hawa a kusurwa, kwamfuta tana ƙirga ƙwaƙwalwarta da kanta, har ta kai ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba.

"Kai!" in ji Tela. "Tsohon nan maye ne!" Ya rungume akwatin kamar an dawo masa da ɓataccen ɗa. Waɗanda suka yi dariya ɗazu su ne suka fi kowa tafi, mai wanki yana cewa shi dama ya faɗa. Ɗan ya sauke waya, fuska kamar an aiko masa da rasuwa, sai mai takalma ya ce a'a, ɗaga, ai ƙannenka za su so ganin wannan ma. Dole ya ɗaga.

Injiniya ya miƙe, ya zare makulli daga ƙusa da hannunsa. Ya naɗe wayoyin mita ya sa ta a aljihun tebur. Ya duba ƙarfen dalma, ya zare shi daga bango gaba ɗaya, ya ɗaga filogin sama kowa ya gani. Ya taɓa aljihun riga, abin yana nan. Ya riga ya shirya yadda za a yi: sai ya kulle shago, a waje, a gaban jama'a da wayar ɗanta, zai fito da shi ya ce a matso a ga ƙafa, a kuma sunsuna. Sai dai ta nemi wani layin da za ta riƙa nuna tabonta.

Aka fito. Ya ja ƙofa, ya datse kwaɗo, ya girgiza shi. Ya juya ya fuskanci titi.

Titin yana nan yadda yake: kwata, turken fitila, motoci suna wucewa. Titin ya miƙe dama, ya miƙe hagu. Injiniya ya duba dama, ya duba hagu. Akwai wani gida da ya kwana a ciki jiya, da ƙofa, da gado, da taga mai kallon wata bishiya. Ya san akwai shi. Amma tsakanin nan da can babu komai, an share kamar allo. Ya ɗaga ƙafa, ya mai da ita inda take.

Mutane suna ta surutu a bayansa, ba su lura ba tukuna. Ita ta lura. Ta matso gefensa da ƙullin kwanuka, tana gyara mayafi, tana murmushi irin na matar da mijinta ya ci nasara.

"Mu je mana, maigida," ta ce da ƙarfi. "Wuce gaba."

Bai motsa ba.

Ta rage murya, iya kunnensa. "Dama ko hagu, Injiniya?"

"Ke kika miƙar da ƙafar."

"Ni ce. Da hantsakina, yana nan a jakata. Faɗa musu, ga su nan, ga waya. In ka gama sai ka nuna musu hanyar gidanka."

"Na gyara ta. Kin gani da idonki."

"Na gani. Ka iya kyankyasai, ba wanda ya musa. Ni ce dai ake bugo wa waya in zo in ɗauke ka a tashar da ba ka san me ya kai ka ba. Ni ce nake cewa ka je gaishe da aboki." Ta ɗaga wa Tela hannu tana dariya, bakinta bai daina motsi ba. "Yaron can ya kusa juyowa. In ya ɗauki wannan tsayuwar taka, ba shago kaɗai ba, ko ƙofar gida ba za su ƙara bari ka leƙa ba."

Ya ji nauyin abin da ke aljihunsa, ɗan abin da bai kai ƙwayar wake biyu ba. Ya ji makulli a tafin hannu, ya yi ɗumi. Ya sake duban titin, ya ba shi dama ta ƙarshe. Babu abin da ya dawo.

Ta miƙo masa ƙullin kwanukan. Ya karɓa. A ƙarƙashin tsumman, inda ba mai gani, makulli ya sauya hannu.

"Jama'a, kun ji mutumin kirki!" ta juya tana ɗaga shi sama. "Ya ce dama so yake ya nuna muku bai tsufa ba. Yanzu da ya nuna, ya bar wa yaro shago, don kansa. Zo ka karɓa, marar kunya, ka durƙusa ka yi godiya."

Ɗan ya durƙusa har ƙasa. Aka yi ta sa albarka. Tela ya ce wallahi shi bai taɓa ganin dattijo irin wannan ba, gobe ma zai kawo masa rediyo gida ya riƙa wasa da ita.

Ta bi dama, silifas ɗinta yana tas-tas. Injiniya ya bi sautin, rungume da kwanuka, yana gyaɗa kai, yana amsa gaisuwa, har yana ce wa ransa ƙwarai kuwa, nan ce hanyar, ga ma turken fitilar nan.

Gidan a hagu yake. Tana so ne ta fara biyawa ta wurin ƙawarta mai kitso, ta ba ta labari tun da zafinsa.